Ɗaurin Maiwada Magini

A Limawa, in ka tambayi tsofaffi labarin Maiwada magini, sai su ce maka, "Wanne? Mai hannu biyu ko mai hannu ɗaya?" Mutum guda ne, amma sun raba shi biyu, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya san na farkon, in ya haɗu da na biyun a hanya, sai ya gaishe shi da sauri ya kau da kai.

Mutumin ƙasar Zazzau ne, gidansu gidan magina ne kaka da kakanni. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Minna shekarar da aka sami 'yancin kai, shi da matarsa Rekiya da ƙunshin kayan aiki, don an ce masa garin na cika, kowa na neman ɗaki. Ba a yi masa ƙarya ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ba irin ɗakinsa ake nema ba. Minna garin ruwa ne. Talaka ya yi jinka, mai hali ya buga kwano, ma'aikacin reluwe kuwa an riga an gina masa da bulo. In Maiwada ya kawo zancen soro, wato rufin ƙasa a kan azarar giginya, sai a yi dariya a ce, "A nan? Da irin daminarmu? Ai sai ya narke mana a ka muna barci."

Shekara tara mutumin nan yana yaɓen katanga, da toshe gindin rumbu, da ginin bayan gida. Mutumin da ubansa ya koya masa yadda ake lanƙwasa rufi ya tsaya a sama ba ginshiƙi, shi ne aka mayar mai cike ramin ɓera. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya zama mafaɗaci. Gajere ne, kakkaura, ga taurin kai kamar ya gaji jaki. Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta san shi da ita: ba ya wuce ƙulli. Igiyar akuya ce, ko bakin buhu, ko damin itacen da Rekiya ta sayo, sai ya tsaya ya cusa yatsa. In yatsan ya shiga, sai ya ja tsaki ya kwance ya sake ɗaurewa, ko da kayan ba nasa ba ne.

Aboki ɗaya gare shi, Ndaliman, wani dattijon Banufe maɗori da ke zaune can Fadikpe. Duk wanda ya karye a wannan yanki, wurinsa ake kai shi. Ran kasuwa sukan zauna gindin wani mangwaro su yi ta gardama, kuma gardamar kullum ɗaya ce. Maiwada ya ce ɗaki mutum ne: ga ƙafa, ga baki, ga goshi, ga ciki, azara kuwa su ne haƙarƙarinsa. "Ni da kai sana'armu ɗaya," yakan ce. "Kai ka haɗa ƙashin mutum, ni na haɗa ƙashin ɗaki."

Ndaliman sai ya yi murmushi, ya amsa da Hausarsa ta Nufawa mai taushi, "Sunan ne ya yi kama, magini. Haƙarƙarin ɗakinka ba ya numfashi."

To, gidan su Maiwada akwai wani sirri na aiki. Sauran magina da igiyar rama suke ɗaure azara. Su kuwa, a inda rufi ke haɗuwa can tsakiya, da ƙiri suke ɗaurewa, wato igiyar ɗanyar fatar sa. Sai su jiƙa shi a baƙin ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi laushi, su ja shi da iyakar ƙarfinsu. Yana bushewa yana ƙara matsewa da kansa, har ya koma kamar ƙaho, wuƙa ta zame a kansa. Maiwada ya sha yin alfahari a gaban mutane cewa ƙirinsa in ya bushe, ya bushe ke nan har tashin duniya, ba abin da ke kwance shi. Kowa ya yarda, har Rekiya. Amma akwai ragowar zancen, wanda ubansa ya raɗa masa ya ce ko matarsa kada ta ji, don kada wani maƙiyi ya rusa musu aiki: ruwa na kwance shi. Ruwa zalla, irin na randa. In ya daɗe yana sha, sai ya saki.

Ana cikin yaƙin basasa, a shekarar 1969, wani dillalin shanu mai suna Alhaji Jafaru ya so gina babban zaure a gidansa da ke hanyar Barkin Sale. Ya nemi siminti da kwano, ya ga abin ya yi masa wuya a lokacin, sai wani ya tuna masa da Bazazzagin nan na Limawa. Ranar da aka aiko, Maiwada ya shiga gida yana rawar jiki kamar ango. Rekiya ta ce rabonta da ganin haƙoransa a waje tun suna Zariya.

Ɗaurin guga ya yi niyya. Haƙarƙari huɗu ne za su taso daga bango huɗu, su lanƙwaso su haɗu a tsakiya, kamar sandunan da ake gilmawa a bakin guga. Aikin ba ya son gaggawa. Sai a kafa azara a bango ta karkato ciki, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ƙara wata a gabanta. Haka ake miƙowa sannu sannu har su gaisa a sama. Leburori shida ya ɗauka, babbansu wani dattijon manomi mai furfura, Shekwolo, wanda yakan shigo gari neman aiki da rani. Amma azara ta yi jinkirin isowa daga daji, kusan wata guda aka ɓata ana jira. Kafin haƙarƙarin nan su kusa haɗuwa, bazara ta kai intaha, dare da rana gumi, kuma kullum da yamma sai gizagizai su taru ta gabas su watse.

Saura aikin kwana uku ya haɗa tsakiya, tsanin gora ya zame da shi. Ya tokare ƙasa da hannun dama, kowa a wurin ya ji ƙarar. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi ya karye, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa.

Aka ɗauke shi zuwa Fadikpe. Ndaliman ya sa mutum biyu suka danne shi, ya ja hannun ya daidaita ƙashin, ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, ya jera tsagin gora ya naɗe da tsumma. Maiwada, da zufa ta gama wanke masa fuska, abin da ya fara yi shi ne cusa yatsan hagu a ƙarƙashin naɗin. Yatsan ya shige.

"Ndaliman, wannan wane irin aikin ganin dama ne? Ko damin kara ba a ɗaure shi haka."

"Hannu zai kumbura," Ndaliman ya ce. "Na bar wa jini hanya. Kwana arba'in, magini. Kada ka ɗaga ko moɗa da shi, kada ka taɓa mini aiki."

Kwana arba'in. Maiwada ya kwanta a tsakar gida yana kallon sama, yana lissafi. Ruwan farko ba zai jira kwana goma ba ma. In ya sauka a kan haƙarƙari huɗu da ke tsaye a buɗe, duk ƙirin da ya ɗaura zai sha ruwa ya saki, aikin ya zube. Ranar nan duk Minna za ta ce, "Ba mun faɗa ba?" Ba kuma wanda zai sake kiran sunan soro a garin. Ba mai iya ɗaurin tsakiyar nan sai shi. Shekwolo mutumin kirki ne, amma kwaɓa ƙasa ya iya.

Kwana uku ya daure. A na huɗu da safe iska ta taso mai ƙanshin ruwa, ta kaɗa ta wuce ba ɗigo. Ya tashi ya je wurin aikin, ya gwada hawa da hannu ɗaya. Hawan ya yiwu. Amma ɗauri yana son hannu biyu, ɗaya ya danne azara, ɗaya ya ja. Da ya ɗora karyayyen a kan azara don ya danne, sai ya ji bakin ƙasusuwan na goga juna a ciki, duhu ya rufe masa ido, saura ƙiris ya sake faɗowa. Ya sauko yana haki. A hanyar gida tunani ɗaya ke bin sa: abin da ke motsi, ba a ɗaure shi da kyau ba ne. Tun yana yaro haka aka koya masa, kuma bai taɓa ganin ta ƙaryata ba.

Da hantsi ya jiƙa ƙiri a ruwan makuba cikin kasko. Da ya yi laushi ya zauna bakin turmi, ya naɗa shi a kan tsagin goran, zagaye bakwai, ya kama baki ɗaya da haƙori. Ya kira Rekiya.

"Riƙe nan ki ja."

Ta dubi hannun, ta dubi kaskon. "Malam, Ndaliman ya ce kada a taɓa."

"Ndaliman ya san ƙashi, bai san ɗauri ba. Ja."

"Ka bari ya zube mana. Ƙasa ce fa. Wani ranin sai a sake."

"Wa zai ba ni wani ranin? Shekara tara ina jiran wannan. Rekiya, in kina ƙaunar Allah ki ja."

Shekara ashirin suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma bai taɓa yi mata gori ba, bai kuma taɓa roƙonta komai da irin wannan muryar ba. Ta tokare turmin da ƙafa ta ja. Ya ce ta ƙara, ta ƙara, tana ja tana hawaye. Ya ƙulla. Ya gwada yatsa, bai shiga ba. Ya miƙe ya girgiza hannun, ba abin da ya motsa, ya koma sanda guda. Ya dube ta da murna a fuskarsa, ita kuwa ta shige ɗaki.

Ranar farko azaba ce tsagwaronta. Rana na dukan ƙirin a saman gini, yana bushewa yana cizo. Maiwada ya cika baki da goro, yana danne azara da damtsen, yana ja da hagu da haƙori, yana zagin leburori a kan laifin da ba su yi ba. Da ya dawo gida hannun kamar an tura shi a murhu. Rekiya ta jiƙa tsumma za ta ɗora masa don ya ji sanyi, ya daka mata tsawar da sai da maƙwabta suka leƙo. Ya ce ko ɗigo kada ya taɓa wurin. Ko alwala, shafa kawai yake yi daga nesa nesa. Randarsu na nan bakin ƙofar ɗaki, cike, da moɗa kife a kan murfi. Ya zauna yana kallonta har aka kira magariba. Ya san in ya tsoma hannun a ciki, kafin a idar da sallah zai sami sauƙi. Ya tashi ya juya mata baya.

Rana ta biyu zafin ya ɗauke. Ya ce wa Rekiya, "Kin gani? Ya kama." Ita ba abin da ta gani sai yatsu biyar da suka kumbura suka yi sheƙi, ba sa lanƙwasuwa. Da azahar ya dawo ya ɗan kishingiɗa, gajiya ta sace shi. Ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta lallaɓo, ta sa a kan ƙirin. Wuƙar ta zame. Ta sake, ta zame. Ta ɗauko dutse ta wasa ta, ta dawo ta yi ta gurzawa, ko alama bai yi ba. Ta tuna maganarsa, cewa ba abin da ke kwance shi har tashin duniya. Ta zauna dirshan kusa da randar nan ta rufe baki da gyale don kada kukanta ya tashe shi.

Rana ta uku ya sa riga mai dogon hannu. Shekwolo ya lura ƙudaje na bin hannun rigar, ya ce, "Maigida, sauko mu duba." Maiwada ya ce masa ya kula da kwaɓinsa. Hannun ya yi sanyi ƙalau cikin wannan zafin rana, farce ya yi baƙi, kuma shi kansa ya san ba lafiya ba. Jiki magayi. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, amma saura zagaye kaɗan. Yana ja yana ce wa kansa, in an gama sai in jiƙa, in an gama sai in jiƙa. Da la'asar haƙarƙari huɗu suka haɗu. Ya ƙulla ƙulli na ƙarshe, ya sa aka lulluɓe shi da ƙasa a gabansa, ya gaya wa Shekwolo yadda za a jera sauran azara a rufe. Ya sauko, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya yi amai, ya faɗi bai san inda yake ba.

A kan ƙofar kara aka kawo shi gida, jikinsa na ɓari. Rekiya ko mayafi ba ta tsaya nema ba, ta kama hanyar Fadikpe da gudu, mace mai shekara arba'in. Ndaliman ya zo. Ya ɗaga hannun rigar ya duba. Sannan ya fito da askarsa, ya yi ta yanka sili sili, ya kashe bakin aska biyu kafin ƙirin ya rabu. Inda ya zauna ya nutse cikin nama, zagaye bakwai. Warin da ya taso ya kori masu kallo zuwa ƙofar gida.

Sai da safe Maiwada ya farfaɗo. Ya ga abokinsa zaune a gefensa, ya ga hannun a kan tabarma kamar na wani.

"Ndaliman, sake ɗora mini shi. Na gama aikin. Yanzu zan zauna, wallahi, kwana arba'in, ko ɗari ka ce."

Tsohon ya girgiza kai. "Ni ɗori na yi maka, kai ka je ka yi ɗauri. Azara gawa ce, magini, tun ranar da aka sare giginya ta mutu, matse ta yadda kake so. Ƙashi kuwa ci yake, jini ne tuwonsa. Ka rufe masa ƙofa kwana uku."

"To, buɗe masa. Ai ga shi an buɗe."

"Ya fi ƙarfina. Ka je asibiti."

Ya ƙi. Ya san abin da ake yi wa irin wannan hannu a asibiti. Kwana biyu ya yi yana kokawa da abin da ya riga ya faru. Ya sa Rekiya ta dafa ruwa ta gasa, ta murza yatsun ɗaya bayan ɗaya da man kaɗanya. Ya sa aka samo rubutu ya sha, ya shafa. Ya ɗauki allura ya yi ta tsira wa kansa daga kan yatsa zuwa sama, yana neman inda zai ji zafi, kamar mai ƙwanƙwasa bango yana neman inda ke da rai. Yakan kafa wa babban yatsan ido ya ce, "Motsa. Don Allah motsa, ko sau ɗaya." Mutumin da duk unguwa ke shakkar bakinsa, ga shi yana lallashin yatsa. Wanda ya ga wannan bai ƙara jin haushin faɗansa ba.

Maƙwabcinsu Ezekiel, wanda ke aikin wanke ciwo a asibiti, shi Rekiya ta je ta durƙusa wa. Ya shigo bai yi dogon zance ba. Ya ciro alƙalami ya ja layi a inda baƙin ya tsaya, ya tafi. Washegari ya dawo, baƙin ya haye layin da faɗin yatsa biyu.

"Baba magini," ya ce, "ni ban san gini ba. In gara ta kama azara guda a rufi, yaya kuke yi?"

Maiwada ya dubi layin alƙalamin. Ya san amsar, kuma ya san dalilin tambayar. Can ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "A cire ta kafin ta ci sauran."

"To."

Aka cire hannun daga gwiwa. Yana kwance a gadon asibiti, kwana biyu da yi masa aikin, ruwan farko ya sauko da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon asibitin har ba a jin magana. Ya yi ta kokawar tashi, Ezekiel na danne shi. Da ruwan ya ɗauke sai ga Shekwolo jiƙe sharkaf, ya tsaya a bakin taga ya ce sun gama rufewa tun jiya, sun shafe da makuba, ko ɗigo bai shiga ba. Maiwada ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya ɗaga hannu zai share fuska, ya ga ba hannun.

Zauren ya yi kyau, wannan ba mai musu. Mutane suka riƙa zuwa kallo, su tsaya a tsakiya su ɗaga kai, su ji sanyi kamar cikin tulu, su ce ashe ana iyawa. Har mutum biyu suka aiko suna son irinsa. Wa zai yi? Ɗaurin nan ba a koya shi da baki, kuma ba shi da ɗan da zai tsaya a kansa. Maiwada mai hannu ɗaya ya koma kasa goro a faifai a bakin tasha. Ya daina faɗa. Ya daina cusa yatsa a ƙullin mutane. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya bi ta hanyar Barkin Sale, ya nemi izini ya zauna cikin zauren na ɗan lokaci, ya dubi inda haƙarƙarin suka haɗu, ya tashi. Da wannan yake rarrashin kansa: hannu ya tafi, amma ga inda ya tafi.

Rekiya ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ita ke ɗaura masa mazagin wando, ita ke zuba masa ruwan alwala sau biyar a rana. Amma ta rame, kuma tun daga ranar ba ta sake jan guga a rijiya ba, sai ta roƙi maƙwabta. Ta ce hannunta ba ya son igiya. A ranta ita ta kashe hannun nan, ita ta ja, kuma da ta zo ceto wuƙarta ta kasa. Ya san tana ɗauke da wannan. Sau da yawa ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga abin da zai faɗa ya fi shirun muni.

Yaƙi ya ƙare, siminti ya dawo kasuwa, hanyar Barkin Sale ta fara cika da motoci. A ranin 1973 Alhaji Jafaru ya ga bakin hanya ya yi daraja, ya yanke shawarar rushe zauren ya yi shaguna na bulo. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma gidansa ne. Shekara huɗu ke nan da ginin. Aka kawo masu diga, suka ɓare rufin, suka sassare bango, amma haƙarƙarin nan huɗu suka ƙi faɗuwa. Suka tsaya tsirara a sama riƙe da juna. Aka hau aka kankare ƙasar tsakiya, aka tarar da ƙulli baƙi ƙirin. Aka sa adda, ta yi tsalle. Ba kuma wanda ya yarda ya tsaya a kai ya sara da gatari, don in ya saki da shi zai tafi.

Alhaji ya ji kunyar zuwa da kansa, sai ya aiko Shekwolo, wanda yake cikin masu rushewar, don ciki ba ya zaɓen aiki. Ya iske Maiwada a tsakar gida gab da azahar, Rekiya na tsugune bakin randa tana cika masa buta. Dattijon ya cire hula, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ƙare da cewa wani matashi cikinsu ya rantse gobe zai hau da gatari, kuma yana da mata da goyo.

Maiwada ya sunkuyar da kai. Bai yi fushi ba, abin ya wuce fushi. Ya ji kamar an sake kwantar da shi a gadon nan na asibiti. Da zai bi zuciyarsa da ya ce su je su ƙarata, amma ya san yadda azara ke faɗowa da mutum. Ya saci kallon Rekiya. Ya so ta shiga ɗaki, ba ta shiga ba.

"Kada kowa ya hau da ƙarfe," ya ce. "Ku sami tsumma mai kauri ku naɗe ƙullin. Ku huda gindin tulu, ku rataya shi a sama ya riƙa ɗiga a kai. Ku ja baya, kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Zai saki da kansa."

"Me za a sa a tulun, maigida? Wani magani?"

"Ruwa."

Shekwolo ya yi godiya ya fita. Butar ta cika tun ɗazu, ruwa na malala a kan ƙafar Rekiya, moɗar na hannunta ba ta sani ba.

"Ruwa, Malam?"

"Ruwa."

"Irin wannan?"

Bai iya ɗaga kai ba. "Irin wannan."

"Ran da na jiƙa tsumma ka yi mini tsawa, ka sani?"

"Na sani."

"Ran da na kashe bakin wuƙata a kai, ina zaune nan, bayana jingine da randar nan."

"Ba ki da laifi, Rekiya. Ko ƙwayar zarra. Ni na zaɓa, kwana uku ina kallon randar nan ina juya baya. Da na gaya miki tuntuni, tsoro ya hana ni."

Shekara huɗu take jiran wani ya ce mata ba ita ba ce, kuma da maganar ta zo ba ta zo da sauƙi ba. Ladan ya kira sallah. Ta ɗauki butar ta zo ta tsuguna a gabansa kamar kullum. Ta zuba masa a hagu ya kurkure baki, ya wanke fuska, ya shafi kai, ta wanke masa ƙafafu. Ya yunƙura zai tashi, ta riƙe masa riga. Ta naɗe hannun rigar na dama, ta fito da dungun, ta karkata butar a kansa. Ta yi ta zubawa a hankali, ruwan na bin tabon yana ɗiga ƙasa, shi kuwa ya zauna bai janye ba har butar ta ƙare.